Ruwan Azurfar Aulikki

Aulikki Saarnio ba ta taɓa yarda da ruwa don ta gan shi garau ba. Tun tana budurwa take haɗa wa ’yan ajin farko ruwan sinadarai a wata sakandare ta garin Kokkola, ga shi har furfura ta cika mata kai tana nan. Mijinta ma yakan ce sai ta ɗaga kofin shayi ta duba a haske kafin ta kurɓa.

Kantoci uku ne a ɗakinta na sinadarai. Ɗaya na ruwan da in suka gamu sai gari ya kwanta a gindin kofi, ɗaya na asid da abin da ke kashe masa kaifi, na ukun masu cin ƙarfe su sauya launi. Amma abin taƙamarta ruwan azurfa ne, wanda ake ɗiga wa gishiri a gaban yara ya yi fari, guda-guda, kamar madarar da ta tsinke.

Da kakar bana sai ruwan ya soma tsinkewa tun kafin a kai shi aji. Bana ne kuma aka ɗauki sabon malami, Tapani Ruuska, a kan gwaji, har aka ba shi makullin ɗakinta. Aulikki ba ta sha wahalar neman mai laifi ba.

“Tapani, da ruwan famfo kake ɗauraye mini kofuna ko?”

“Ni? Ai na fi tsoron kofunanki a kan shugabar makaranta.”

“Masu irin dariyar nan taka ba sa wanke hannu,” in ji ta.

Ta ɗora silin gashi a kan murfin kwalbar ruwan azurfa, don ta gane ko ana buɗewa. Washegari ta tarar da shi yadda ta bar shi, sai ta ce lallai yaron nan ya iya ɓarna. Ta nemi ganin shugaba ranar Juma’a, tana sane da cewa kalma ɗaya daga bakinta ta isa a ƙi sabunta masa aiki.

Da safiyar Juma’ar ta kira shi ya ga yadda ake aiki da tsafta. Ta tsiyaya ruwan azurfa a sabon kofi, garau. Ta zaro sandar gilashi daga aljihun farar rigarta, ta juya shi da ita. Ruwan ya yi fari.

Tapani ya nuna rigarta. “Aulikki, me kuma ke cikin aljihun nan?”

Salmiyaki ne, wata baƙar alewa mai barbaɗin gishiri. Tun da likita ya raba ta da taba a farkon kaka take tsotsarta a ɓoye, alhali ita da hannunta ta manna sanarwar hana ci a ƙofar ɗakin. Barbaɗin ya bi sandar duka.

Ta daɗe tana kallon kofin. Sannan ta ciro ledar alewar ta dangwara masa a hannu.

“Tun yaushe ka sani?”

“Yanzun nan na gani.”

Ba ta yarda ba. Yaron da ya gano abu da sauri haka, ai ya daɗe yana leƙen aljihun mutane.

A ofis shugaba ta ce, “Kin ce kina da magana a kan Tapani.”

“Ɓarnar tawa ce, alewa nake sha a ɗakin,” in ji Aulikki, tana kakkaɓe aljihu. “Shi kuwa a riƙe shi. Dariyarsa dai ce har yanzu ba ta kwanta mini ba.”