Arzika Dillali da Ƙarfen Raudatu

Arzika ya tsufa yana dillanci a kasuwar dabbobi ta Dakoro, kuma bai taɓa yarda da bakin mai kaya ba. Ko ɗan'uwansa ne ya jawo rago daga Azagor, sai ya buɗe bakin ragon ya duba haƙora.

Da ƴarsa Raudatu ta sami bursi, wato tallafin karatu, ta tafi Faransa, bai hana ba, amma duk ranar da ta kira sai ya titsiye ta.

"Wai me kike karantawa ne?"

"Wani baƙon ƙarfe ne, Baba. Ƙarfen da aka saba, an san lissafin yadda zafi ke tauye tafiyar kuran, wato lantarki, a cikinsa. Wannan ya ƙi bin lissafin. Gwargwadon zafi, gwargwadon tauyewar, tun daga matsanancin sanyi."

"Dalili?"

"Ba a sani ba tukuna. Wasu sun ce ƙwayoyin kuran ɗin ba sa tafiya ɗai-ɗai, sun cuɗe kamar kunu. Wasu sun ce rashin daidaiton zubin ƙarfen ke warwatsa su."

A sanin Arzika, duk mai kayan da ya kawo bayani biyu, na ukun yake ɓoyewa. Ya ce wa matarsa Dela, ko dai namiji ne a bayan zancen, ko kuma Turawa sun sa yarinyar aikin da ba a faɗi.

Ya wanke ƙafa har lise, wato makarantar sakandare, wajen Mushe Attaher, wanda ya koya wa Raudatu kimiyya. Malamin ya ce gaskiya ta faɗa, manyan masana ma gardama suke yi. Arzika ya fito yana zargin sun haɗa baki.

Ran nan ta kira ta bidiyo daga ɗakin aikinsu. Ya ga tulun ƙarfe yana fitar da farin tururi, da wata tsohuwar Baturiya tana cin tuffa. Ya sa Raudatu ta nuna masa bayan ƙofa da ƙarƙashin tebur. Sannan ta nuna ƙarfen, ɗan baƙin abu bai kai ƙwayar gero ba.

"A kan wannan kika bar gida?"

"A kansa, Baba."

Ya daɗe yana kallo, ya ce ta riƙa rufe kai saboda sanyin tulun. Da yamma ya gargaɗi Dela kada ta gaya wa maƙwabta girman abin.