Tumun Gonar Baba

Tun ina yaro Allah ya yi ni da sa abu a rai. Idan hadari ya haɗu ina tsoron kada ruwa ya yi yawa, idan ya watse ina tsoron ba zai dawo ba. Har gobe, in na rufe rumbu na kama hanya, sai na koma na duba ko na rufe da kyau.

A ƙauyenmu, can gefen Gangara, Inna tana da wata tatsuniya da take yi mana ni da yayana duk shekara idan hatsi ya fara nuna. Kurege da bushiya ne suka yi gona kusa da juna. Da zangarniya ta ƙosa, kurege ya ce bari ya gasa tumu ɗaya ya ɗanɗana. Ya ji daɗi, gobe ya ƙara, jibi ya kira abokai. Ranar girbi kara kawai ya tarar a tsaye. Bushiya kuwa ba ta taɓa ko ɗaya ba, ta cika rumbunta. Da bazara ta zo, ga kurege yana bin gida-gida.

Yaya dariya yake yi, yana kumbura kumatu wai shi kurege yana hura wuta. Ni kuwa sai in kwana ina tunanin yunwar kurege. Da aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, malaminmu ya ba mu wata irinta da Faransanci mu haddace. Na ce a raina, ashe har Nasara sun san da maganar. Ban wuce aji shida ba, yawancin abin da aka koya mana ya zube, amma wannan ya zauna.

Bayan rasuwar Baba, Yaya ya koma Tanut yana kasuwanci, gona ta dawo hannuna. Tun daga shekarar ba a ƙara yankan tumu a cikinta ba. Ban taɓa cewa laifi ne ba. Abin da nake cewa kawai, bari dai a girbe tukuna. Da la'asar sai ka ga hayaƙi yana tashi a gefen gonakin maƙwabta, ƙamshi yana bin iska. Ƴaƴana can suke zuwa, su dawo da baki baƙi ƙirin, in yi kamar ban gani ba.

Bara Inna ta kwanta. Ba wani ciwo ba ne, tsufa ne. Abinci ya fita ranta, ko fura sai an lallaɓa ta take kurɓa. Wata safiya da na shiga gaishe ta, ta ce tumu take marmari, kuma na gonar mijinta, ba na maƙwabta ba.

Na ce, “To, Inna, bari ya ƙara ƙosawa.”

Ya riga ya ƙosa, na sani. Tsoro nake ji. In na yanka mata, yara za su nema, in yara suka ci za su kawo abokai, daga nan ban san inda abin zai tsaya ba. Kullum sai in ce gobe.

Ana nan Yaya ya zo duba ta. Ya same ni zaune a bakin ɗakinta, ko zama bai yi ba ya ce, “Malam bushiya, an ce tsohuwa ta roƙi tumu ka hana.”

“Ban hana ba, Yaya. Kuma ai ita ta koya mana.”

Inna ta yi dariya daga kan gado har tari ya sarƙe ta. Da ta samu numfashi ta ce, “Ni na koya maka? Don wancan ɓarawon nake yin ta.” Ta nuna Yaya da baki, don ba ta faɗin sunan ɗan fari. “Shi da abokansa ne ke aske mana gefen gona. Kai kana rakuɓe ka kwashe magana ka riƙe, wanda aka yi dominsa ko a jikinsa.”

Yaya ya ce, “Wallahi ni kuregen ne ya burge ni.”

“Ai na sani, marar kunya.” Ta juyo gare ni. “Ubanku, Allah ya jiƙansa, shi ke yanko na fari da hannunsa ya kawo mini. Shekarun da rumbunmu ya zauna ba komai, ruwa ne bai zo ba.”

Na ɗauki wuƙa na fita. A hanya na riƙa juya tatsuniyar. Kullum a kan yunwar kurege take ƙarewa. Ba wanda ya taɓa gaya mana me bushiya ta yi da rumbunta, ko ta taɓa kiran wani ya zo su ci tare, ni kuma ban taɓa tambaya ba.

Da na isa jigawa na danna ƙwayar zangarniya da farce, na ji ta yi tsauri kamar tsakuwa. Na gwada wata, haka. Lokacin tumu gajere ne, ya wuce ina cewa gobe. Na bi kunyoyin gonar ina dannawa har na gangara kwari, inda iska ta binne shukar fari na sake wata daga baya. A nan farce ya shiga. Na yanki ɗaya, na tsaya, na ƙara.

A bakin ɗakin Inna na hura wuta don ƙamshin ya same ta. Yaya ya tallafe ta ta zauna. Ba ta yarda mu murza mata ba. Ta murza a tafin hannunta, ta hure ƙaiƙayi, ta zuba kaɗan a baki. Haƙora sun ƙare, sai ta daɗe tana tsotsa ido a rufe. Ba ta ci da yawa ba, amma rabon da ta miƙa hannu ga abinci da kanta an jima.

“Ka ƙona gefe ɗaya,” in ji ta. “Gobe ka kawo wani. Ka zo da yara su koya maka gashi.”

Na ji kaina ya fara lissafin abin da zai saura a kwari.

Na ce, “To, Inna. Da safe ko da la'asar?”