Injin Margez na Baffa Sale

Wata Alhamis ce a watan Afrilu na 1998, ana zafin nan na N'Djamena da ke sa ƙadangare ma neman inuwa, ina tsugune gaban famfon tsakar gidanmu a unguwar Gardole. Shekarata goma sha ɗaya. A tsakiyar gida an ɗora wani farin bututun roba mai kaurin cinyar ƙato a kan benci, an ɗaure shi da waya, tiyo ya taso daga gindinsa ya zo har bakin famfon da nake riƙe da shi. Baffa Sale, ƙanen mahaifina, yana tsaye a kansa da biro a bayan kunne. Ya shigo da abokan shan shayinsa uku har cikin gida, abin da ba a saba yi ba a wurinmu, don su shaida. Ya gyara wuyan riga ya ce, "Yau za ku ga bambancin ilimi da wahala."

Wahalar da yake nufi ita ce sana'ar Inna, mahaifiyata. Margez take yi, wato niƙaƙƙen naman da ake haɗawa da barkono da tafarnuwa da kayan ƙamshi, a ɗura cikin hanjin rago, a gasa. Ta koya a wurin gwaggonta wadda ta taɓa yi wa wasu Turawa girki a unguwar Kabalaye. Mu jikokin alhazan nan ne da suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a bakin kogin Shari suka zauna, kuma a unguwarmu ba a san wata Bahaushiya mai wannan sana'a ba sai Inna. Aikina kullum in na dawo daga lekol, wato makarantar boko, shi ne wanke hanji. In juye shi, in kankare da bayan cokali, in hura iska a ciki don gano inda ya huje, ƙawayena suna can waje suna gaɗa ina jiyo tafinsu. Ita kuwa Inna sai ta zura hanjin a bakin mazurari, ta riƙa tura naman da babban yatsa tun hantsi har la'asar. Yatsan nan ya kumbura ya karkace, da safe sai ta jiƙa shi a ruwan ɗumi kafin ya lanƙwasu.

Baffa Sale bai taɓa wanke hanji ko ɗaya ba, amma ba a taɓa gasa margez a gidan bai ci ba. Ya yi shekara biyu a makarantar koyon sana'a aka sallame shi, ya fito da kalmomin Faransanci kamar goma da suna Injiniya wanda shi ya raɗa wa kansa. Rediyon Baba da ya buɗe don gyara bai sake magana ba. Fankar ɗakin Inna ya mayar da ita mai juyawa baya. Duk da haka Baba, wanda tela ne mai sanyin hali, ba ya son a taɓa ƙanensa, don shi ya raine shi bayan rasuwar iyayensu. Da Baffa ya zo da maganar injin da ruwan famfo zai tura nama da kansa, Baba har da murna. Dabarar kuwa ba laifi, daga baya muka ji a garejin wani abokinsa ya gan ta a zane: a cusa nama a bututu, a sa katako mai zagaye a bayansa, a saki ruwa, ruwan ya turo katakon, katakon ya turo naman ta wani siririn baki zuwa cikin hanji. Mako uku Baffa ya yi yana yawo a kasuwar Dembe yana tsince-tsince, yana dawowa yana zane a ƙasa da tsinke, yana korar kaji kamar su ne za su sace masa sirri.

Naman da ke cikin bututun ranar ba namu ba ne. Na Hajja Ashe ne, maƙwabciyarmu Balarabiya, wadda za ta aurar da ɗanta washegari, ta kawo naman rago guda ta ce Inna ta yi mata margez na baƙi. Inna ta roƙi Baffa ya fara gwadawa da dusa ko da ɗan abin da ya rage mana. Ya yi dariya ya ce mata mata kenan, tsoro kamar farar kura. Baba ya ce a bar shi, ya wuce shago.

Na buɗe famfon kaɗan kamar yadda aka ce. Tiyon ya miƙe, bututun ya yi ɗan nishi, nama ya leƙo kamar tsawon yatsa ya tsaya. Abokan suka fara kallon juna. Baffa ya daka mini tsawa, "Ke Dije, ƙara!" Na ƙara. Ruwa ja ya fara ɗiga ta bakin hanjin, alamar ya zagaye katakon ya shiga cikin naman. Inna daga ƙofar madafa ta ce a kashe. Shi kuwa gumi ya jiƙa masa riga, ya ce da Larabci don abokansa su ji, "Fukki kulla!", wato in buɗe duka. Na buɗe duka. Murfin gaba da ya liƙe da gam ya yi tsalle da ƙara kamar an fasa taya, naman Hajja Ashe ya watsu a bango, a kan shanyar Inna, a fuskar ɗaya daga cikin abokan, sauran ya zube cikin ƙasa da ruwa. Kafin a ce kwabo kajin gidan sun taru, shaho ma ya sauko ya ɗauki rabonsa.

Da Baba ya dawo daga shago, Baffa ya riga kowa zuwa zaure. Ban san abin da ya faɗa ba sai da aka kira ni. Baffa ya dube ni ido cikin ido, bai ko ƙifta ba, ya ce ya gargaɗe ni in buɗe a hankali, ni kuwa da rawar kai na murɗe famfon gaba ɗaya. Na ce, "Baffa, kai ka ce in buɗe duka." Baba ya ɗauke ni da mari, wanda bai taɓa yi ba, ya ce yaushe na fara ƙaryata manya. Inna ta yi magana daga bayan labule, ya ce kowace uwa bayan 'yarta take bi. Abokan nan uku da suka ji komai da kunnensu tuni sun sulale. Aka sa na durƙusa na ba Baffa haƙuri, ya ɗora mini hannu a ka ya ce ya yafe, yaro ai yaro ne. Sannan Baba ya yanke cewa tunda ni na ɓata naman, tunkiyata da kakata ta ba ni tun tana 'yar ƙarama ita za ta maye. Kafin magariba an yanka ta. Ni na wanke hanjinta, Inna ta ɗura da yatsanta. Hajja Ashe ta sami margez ɗinta, baƙi suka yaba. Baffa ya je bikin, ya ci, ya ƙara.

Bututun ya yi wata guda yashe bayan ɗakin kaji. Wata rana Inna ta ce in jawo shi. Ta wanke shi da toka da ruwan zafi, ta daɗe tana leƙa cikinsa, ta ce, "Ruwa ba ya tsami banza." Ta sayo sabon silifas ta yanka tafinsa daidai faɗin bututun, ta haɗa biyu a jikin katakon don kada ruwa ya wuce. Ta kai wa wani mai walda a Dembe ya yi wa murfin ƙarfe mai noti maimakon gam, ya faɗaɗa bakin da nama ke fita. Ta ƙara kitse ta sassauta kwaɓin. Muka gwada da dusa sau uku, ƙofar gida a rufe. Ranar da muka sa nama, na buɗe famfon kamar mai ɗiga magani a ido, hanjin ya fara cika a tafin Inna a hankali, yana naɗewa cikin tire kamar maciji mai barci. Ta dubi yatsanta da ba ya aikin komai, ta yi dariya har da hawaye. Aikin wuni ya koma na sa'a ɗaya, na samu lokacin gaɗa, na samu na karatu. Ranar da famfo ya ɗauke kuma mu koma mazurari, don ruwan garin nan ba a yi masa alkawari.

Labari ya bazu a Gardole, sai ga Baffa da bironsa. Ya zagaya injin, ya ƙwanƙwasa shi, ya ce dama abin da ya yi niyyar ƙarawa kenan aka hana shi sukuni. Har ya kawo mutane kallo. Inna ta ce da ni kawai, "Gwano ba ya jin warin jikinsa." Baba ya ga komai, na tabbata ya gane, don bayan kwana biyu ya ɗinka mini riga ba sallah ba biki, ya ajiye a kan tabarmata. Iyakar haƙurin da aka ba ni kenan.

Yanzu margez ya cika gari, injinan lantarki ke ɗura shi, ana sayarwa cikin leda a firji, duk ɗanɗanonsa ɗaya. Gidan Gardole an rushe an yi shaguna, Inna da Baba sun riga mu gidan gaskiya. Baffa Sale yana nan, ya tsufa, haƙora sun zube amma bakin bai mutu ba. Duk sallah sai ya zo gidana, ya tara 'ya'yana ya ba su labarin injin da ya ƙirƙira tun ba a haife su ba. Nakan durƙusa in gaishe shi, in kawo masa abinci, don haka aka tarbiyyantar da ni. In ya tafi nakan zauna in gaya musu wace ce kakarsu, yadda take rera waƙa ƙasa-ƙasa in aiki ya yi mata daɗi, da yadda ƙamshin tafarnuwa ba ya barin zanenta. Da ita ce ke zuwa mini sallah, da ban gaji da durƙuso ba.