Hoton Idon Gwaggo Zinaru

Damagaram

Na bar gida kafin kiran assalatu, na yi sallar asuba a tasha. Sana'ata ɗaukar hoton biki da suna, amma wannan tafiya ba ta biki ba ce. Gwaggo Zinaru, yayar mahaifina da ke Belbeji, ganinta ya yi ta raguwa har ta daina fita ƙofar gida, ta kuma ce ba mai sa ta a mota zuwa asibiti. Wani lokotoron ido da muke unguwa ɗaya ya ce mini, "Tun da ta ƙi zuwa, kawo mini hoton idon, na kusa sosai. Ba zai maye gurbin awo ba, amma zan san ko da amfani a wahalar da ita a hanya."

Shi ya sa na sayi sabon gilashin kyamara, irin mai ɗaukar ƙananan abubuwa. Ban taɓa aiki da shi ba, na ce na koya a hanya.

Bakin Birji

Motar Tanut na shiga. A shingen fita gari jandarma suka duba kartidanti, wato katin shaida, muka wuce. Da hantsi direba ya tsaya a Bakin Birji shan shayi. Wani ƙuda ya sauka a bakin kofina, na auna shi. Kyamara ta yi ta kai da komo tana neman saiti, ƙuda ya tashi ban samu kome ba. Na kashe saitin nata, na murɗa da hannu, sannan na riƙa matsawa gaba da baya da jikina har abin ya fito.

"Malam, ga mutane ka bari, ƙuda kake ɗauka?" in ji mai shayi.

"Koyo nake."

"To, Allah ya sa ya zo karɓar hotonsa."

Sabon Kafi

Nan na sauka, na jira motar da za ta yi yamma har bayan azahar. Kaka ce, dammunan hatsi jibge a bakin hanya. Na roƙi zangarniya ɗaya na zauna da ita a inuwa. Sai na ga in ƙwaya ɗaya ta fito tsaf, ta kusa da ita ta dushe. Wurin da ke fitowa bai fi kaurin farce ba. Na tsuke ƙofar hasken gilashin, ƙwayoyi da yawa suka fito, amma hoton ya yi duhu. Na matsa bakin inuwar inda haske ya fi, na kafa gwiwar hannu a kan cinya, na riƙe numfashi kafin in danna. Ya fara kyau.

Belbeji

Hanyar rairayi ce, sau ɗaya muka sauka muka tura. Mun isa ana kiran magariba. Mamman, ɗan Gwaggo, ya tarye ni, matarsa Hadiza ta kawo tuwon hatsi da miyar kuka.

Da safe na shiga gaishe ta. Ta laluba ta kama hannuna.

"Ilu, an ce ka zo da ƙarfe za ka leƙa mini ido."

"Hoto ne kawai, Gwaggo. Ba abin da zai taɓa ki."

Ɗakin da duhu, sai na kunna fitilar kyamara. Tana walƙawa Gwaggo ta zabura, idon ya kawo ruwa, a hoton kuwa farin tabo ne ya rufe tsakiya.

"Ya isa," ta ce. "Ɗan abin da ya rage mini kake so ka ƙone?"

Sai da Mamman ya lallashe ta har hantsi kafin ta ce sau ɗaya ya rage. Muka zaunar da ita a bakin ƙofa, cikin inuwa, ƙeyarta jingine da bango. Hadiza ta tsaya a rana ta ware farin mayafi, hasken ya dawo fuskar a hankali. Na ce Gwaggo ta dubi inda muryata take, ta yi tasbihi a zuci. Na durƙusa, na kafa hannu, na yi ta dannawa ba tsayawa, don ido ba ya zama wuri ɗaya. Cikin tarin hotunan biyu suka fito. Baƙin idon ya zama fari kamar an ɗiga madara.

A tsakar kasuwa na samu rezon waya na aika wa lokotoro hotunan. Da la'asar ya kira: ga alama yanar ido ce, ana cire ta, a kawo ta a auna.

Na gaya wa Gwaggo.

"Kai ka gan ta da idonka?"

"Na gan ta, Gwaggo."

"To, kada ka goge hoton. In sun cire, ina so in ga abin da ya tsare ni a ɗaka."

Komawa

Kashegari direba ya ba ta kujerar gaba, ni da Mamman muka hau baya kan buhuna. Ba ta yi amai ba, ba ta kuma saki ƙarfen ƙofa ba har Damagaram. Mun iso gida da isha'i. Godiya ga Allah da ya kawo mu lafiya, da Hadiza da ta sha rana da mayafinta. Jibi za a auna idon.