Littafin da ya bi Sa'adatu gida

Har gobe ban manta da safiyar Talatar da maigadi ya leƙo ɗakin karatu ya ce, "Malama, ga uwar wata ɗaliba can a ofis. Hajiya ta ce ki zo yanzu." Nan take na san a kan littafi ne, kuma na san wanne.

Ku da kuka zo aikin nan kwanan nan kun tarar da kantar labarai a cike, kuna zaton dama haka take. Ina! Lokacin da na kama aiki a makarantar nan ta Tarauni, babu komai a ɗakin sai littattafan lissafi da tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Zango guda na yi ina bin Hajiya, shugabar makaranta, kafin ta yarda a sayo littattafan labari na 'yan aji huɗu zuwa shida. Iyaye da yawa da sun ji an ce littafin labari, soyayya suke hangowa. Don haka ta kafa mini sharaɗi: "Ki karanta kowanne daga bango zuwa bango kafin ki ba yaro. Kuma ranar da uwa ko uba ya kawo ƙara, ranar za a kwashe kantar." Kun dai san Hajiya, ba ta maimaita magana.

Yara suna aro ranar Alhamis su dawo da shi Litinin, ni kuma nake ba su shawarar abin da za su ɗauka. Labaran aljanu da dabbobi ba sa buƙatar talla. Waɗanda nake turawa su ne sababbin da ke ba da labarin yara irinsu, masu zuwa markaɗe, masu goyon ƙanne, masu jin kunyar yagaggen takalmi. A cikinsu akwai wani mai koren bango, labarin wata 'yar fari da uwarta ba ta taɓa kiran sunanta ba saboda kunyar ɗan fari, har yarinyar ta ɗauka ba a sonta. Ya burge ni ƙwarai, sai na miƙa shi ga Sa'adatu, 'yar aji biyar, yarinya shiru-shiru mai cin littafi kamar gyaɗa.

A Gyaɗi-Gyaɗi suke zaune, babanta yana tuƙa adaidaita sahu, ba su daɗe da tasowa daga ƙauye ba. Kowa Maman Bashir yake ce wa uwarta, ni kuwa na ɗauka Bashir ne babba. Ashe ƙanin Sa'adatu ne, ita ce 'yar fari. Ranar Litinin ta zo babu littafi, idanunta sun kumbura. Ta ce ta kai tsakiya ta kasa ci gaba, ta wuce aji ba ta jira tambaya ba. Daga nan hankalina ya tashi.

Da na shiga ofis a safiyar Talatar nan, Hajiya tana bayan teburinta, ba ta ko ce in zauna ba. Matar tana gefen kujera, ta ja mayafi har goshi, koren littafin yana kan cinyarta. Muka gaisa da ƙyar.

"Maimaita wa Malama abin da kika gaya mini," in ji Hajiya.

Matar ta ce, "Yarinyar nan ce. Tun ranar Juma'a, in na ce 'ke', sai ta yi kamar ba ta ji ba. Aike take yi, wanke-wanke take yi, amma amsawa ta daina. Jiya ta dube ni ido cikin ido ta ce, 'Inna, ya sunana?' A gaban maƙwabta!"

Hajiya ta juyo ta kalle ni. Wallahi a ranta na ga ta riga ta kira masinja da kwalaye. Na fara tunanin yaran da ke layi ranar Alhamis, da abin da zan ce musu. Sai na ce, "Maman Bashir, ki yi haƙuri. Littafin bai zagi uwar ba ko kaɗan. Yarinyar ce ba ta kai ƙarshe ba."

"To ni ban yi boko ba," ta ce. "Gaya mini gaskiya, ita uwar cikin littafin, ta kira sunan?"

Na tsaya. In na ce ta kira, na ɗora mata nauyi a gaban 'yarta. In na ce ba ta kira ba, mai yiwuwa ta ce to meye amfanin tayar wa yara hankali. Na faɗi abin da ke ciki: "Ba ta kira ba, har ƙarshe. Amma ta zaunar da 'yar ta gaya mata dalili, da bakinta."

Ta yi ta shafa bangon littafin. Ni kam na gama sallamawa.

Can ta ce, "Hajiya, ni fa ba ƙara na kawo ba. Na rasa wanda zan tambaya ne. Ni ma 'yar fari ce. Innata ta rasu ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma ba wanda ya zaunar da ni ya gaya mini dalili." Ta goge ido da bakin mayafi. "A bar mana shi zuwa wani makon. Ina so ta karanta mini daga farko."

Hajiya ta cire tabarau ta ajiye, ta sa aka kira Sa'adatu. Yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ƙasa. Uwar ta miƙa mata littafin ta ce, "Ke, riƙe. In an tashi ki taho da shi." Sai muka ji yarinyar ta ce, "To, Inna."

Kantar dai ga ta nan, ba a kwashe ba. Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, littafin da ya yi kama da rayuwa ba ya tsayawa a jakar yaro, har tsakar gida yake shiga. Ku ba su, kada ku ji tsoro, amma ku san yaron kafin ku miƙa, ku kuma tambaye shi ina ya kai.

Bayan mako biyu Sa'adatu ta dawo da shi, bangon ya sha manja. Ta raɓo kusa da ni ta rage murya: "Malama, mun gama. Jiya Inna ta fara faɗin sunana, ta kai rabi, sai ta rufe baki tana dariya."