Barewar da Muka Ɗaure a Gindin Rumbu

A shekarun farin nan, lokacin muna ƙauyenmu na arewa da Sule Tankarkar, wata 'yar barewa ta riƙa biyo awakinmu bakin kwami. Ƙishirwa ce ta kore mata tsoro. Mu yara muna miƙa mata dusa, a hankali har ta saba ci a tafin hannunmu. Ran nan da yamma Baba ya zura mata igiya tana cikin lasar hannuna, ya ɗaure ta a gindin rumbu, ya ce da safe za a yanka. Mun daɗe rabonmu da nama, muka yi ta tsalle.

Baba ɗan Kaka ne na fari, kunya ba ta bari ta kira sunansa, balle ta yi masa faɗa. Sai bayan sallar isha, muka kewaye wuta yadda muka saba, shi kuma yana gefe yana wasa wuƙa.

"Ku matso, yau tatsuniyar nesa na ɗauko muku," in ji ta. "Wannan kakanku ya zo da ita daga yaƙin Bama."

Ta ce a can ƙasar Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, an ba shi gadin wani fursuna ɗan Japan, suna hira rabi da baki rabi da hannu. Mutumin ya ce garinsu Nara, tsohon birnin sarautarsu, wanda har wani zamani guda na tarihinsu ake kira da sunansa. A garin, bareyi na yawo cikin mutane kamar tumaki, ba mai taɓa su. Daga baya sarki ya tashi da fadarsa zuwa wani gari, ciyawa ta cinye filin fadar.

Ƙanena ya ce, "Kaka, bareyin ma sun bi sarki?"

"Ina! Su da sarki suka saba? Da hannun mutanen gari suka saba." Ta gyara itacen wuta. "Kakanku ya tambaye shi, to in yunwa ta zo fa? Sai mutumin ya dube shi ya ce, wadda ta gudu a daji ai farauta ce. Amma wadda ta sa baki a hannunka, da wane ido za ka dube ta?"

Ƙarar wasa wuƙa ta tsaya. Ban taɓa ganin Baba ya sunkuyar da kai haka ba. Ni kuwa kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa hannuna, don da shi aka kama ta.

"Iyakarta ke nan, kowa ya je ya kwanta," in ji Kaka.

Da gari ya waye Baba ya kwance igiyar da kansa, muka sha kunu ba wanda ya dubi wani.

Na girma na karanta labarin Nara, na tarar har yau bareyin na nan suna cin abinci a hannun baƙi. Da can ina ɗauka Kaka ta yi nasara, tunda an bar dabbar da ranta. Yanzu na san ba duka ta ceto ba. Barewar ta ci gaba da zuwa kwami, amma sai in ta ga ba kowa. Na sha tsayawa da dusa a hannu har rana ta faɗi, tana kallona daga nesa, ba ta ƙara matsowa ba.