Kwalba Mai Jan Tef

A ɗakin gwajin kowa Baba yake ce masa, har shugaban wajen da ya girme shi. Aikinsa wankin kwalabe, tun gashinsa na baƙi har ya yi fari fat. Sabulu ya cinye masa hannu, tsayuwa ta cinye gwiwa. Abu ɗaya ya rage masa na taƙama: bai taɓa fasa kwalba ba, bai taɓa barin tabo ba.

Dakta, wata siririyar mace da ba ta cika magana ba, ta shekara da shekaru tana haɗa wani irin sukari da ƙwayar cuta ke lulluɓe jikinta da shi. Ba a sayar da shi ko'ina, sai dai a gina shi mataki bayan mataki, ko a dace a yi rigakafi da shi. Da Baba ya ba matarsa labari, dariya ta yi har da riƙe ciki.

"Yo sukarin da ko shayi ba a sha da shi, shi kuke wa wannan bauta?"

Ƙa'idar ɗakin ba ta da wuya: kwalba mai jan tef a wuya ba a taɓa ta. Wata rana firji ya lalace, aka fito da kaya aka jera a gefen wurin wanki. Baba ya ga wata ƙaramar kwalba ba tef, da ɗan maiƙo a gindinta kamar wanda yatsa ke bari a kofi. Ya yi tsaki, ya sa buroshi. Maiƙon ya yi gardama, shi kuwa ya fi shi. Sai da ya zo goge tebur ya ga tef ɗin a ƙasa, ya jiƙe ya saɓule.

Ya sunkuya ya ɗauke shi. Da zai samu, da Dakta ta zage shi tas ya huta.

Dakta ta shigo, ta dubi tef ɗin a tafinsa, ta dubi kwalbar. Ta jawo kujera ta zauna.

"Dakta, ki yafe ni. Wallahi na ɗauka datti ne."

"Shi ke nan sukarin da na samu, Baba. Ba wani."

Ta ɗaga kwalbar wajen taga, ta juya ta a hankali, ko Allah zai sa wani ɗigo ya maƙale. Amma Baba ne ya wanke ta.